ZAUREN IYALI: Ɗigon da Ya Tsaya a Shataletalen Deido



  A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, har ya samu wurin zama, wato bin sawun mutum ta wayar hannu. A yau uba yana zaune a shago yana kallon inda ɗansa yake a kan taswira, mai mota yana kallon direbansa a hanyar Ngawundere, wani kuma matarsa yake kallo ba da saninta ba. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani al'amari da ya faru a gaban idona, wanda saura kaɗan ya raba zumunci.

Watannin baya, bayan sallar Isha'i, wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kwango ya yi sallama a zauren mahaifina, ransa a ɓace. Bayansa ga yaron shagonsa, matashi ɗan shekara 19, ɗan ƙanwarsa ne da aka kawo masa daga Garwa domin ya koyi kasuwa. Alhajin ya ce da hantsi ya aiki yaron da turamen atamfa zuwa Bonaberi a kan bensikin. Da ma ya sa masa wata manhaja a waya, wadda ke nuna masa inda yake. Yana kallo ɗigon ya bar New Bell, ya bi ta Akwa, ya isa shataletalen Deido, daga nan ya tsaya cik, bai ƙara motsi ba har awa 2 da rabi. Da ya kira yaron, sai ya ce masa ai tuni ya haye gadar Wuri, yana ƙofar shagon mai kayan yana jiran ya dawo daga unguwa. Alhaji ya dubi taswira, ya ga ɗigo a Deido, ya yanke hukunci cewa ƙarya ake yi masa. Da yamma ya karɓe makullin shago, ya ce gobe yaron zai hau mota ya koma Garwa.

Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka tambayi wanda aka kai wa kayan?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, me zan tambaya kuma, alhali na gani da idona?" Malam ya ce, "Wayar ka gani da idonka, Alhaji. Yaron kuwa ba ka gan shi ba." Sai ya miƙo mini wayoyin biyu, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Da na duba, sai na tarar batirin wayar yaron ya yi ƙasa tun suna hanya, wayar ta shiga halin tsimin wuta, ta kwantar da manhajar. Abin da Alhaji ya wuni yana kallo shi ne wuri na ƙarshe da manhajar ta aiko kafin a kwantar da ita. A ƙarƙashin ɗigon ma akwai ɗan ƙaramin rubutu da Faransanci mai faɗin lokacin da aka aiko shi, amma bai lura ba. Aka kira mai kayan, ya tabbatar da cewa yaron ya daɗe zaune yana jiransa.

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya mayar da makulli. Amma maganar da yaron ya faɗa ita ce ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Kawu, shekara 3 makullin shagonka yana hannuna, ko dala ba ta taɓa ɓata ba, amma yau ka gaskata waya ka ƙaryata ni." An yi sulhu, an yi addu'a, an watse. Sai dai kowa ya san in ruwa ya zube ba ya kwasuwa duka.

YADDA WAYA KE SANIN INDA TAKE

Mutane da yawa suna zaton akwai wani tauraro a sama mai ido, wanda ke kallon kowa yana ba da rahoto. Abin ba haka yake tafiya ba. Tsarin da ake kira GPS na ƙasar Amurka ne, an gina shi a kan taurarin ɗan'adam aƙalla 24, masu shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau 2 a kwana guda. Aikinsu kawai shi ne su riƙa watso saƙon da ke faɗin inda suke da kuma lokaci. Wayarka sauraro take yi. Idan ta kama saƙon taurari 4 ko fiye, sai ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta yi lissafi, ta gano inda take. Turai na da nata tsarin mai suna Galileo, Rasha na da GLONASS, Sin kuma na da BeiDou, kuma wayoyin zamani da yawa suna saurarensu gaba ɗaya.

A fili, inda sama take buɗe, wannan lissafi yana iya kai wa kusa da mutum da tazarar 'yan mitoci. Amma a ƙarƙashin rufin kwano, ko cikin rumfunan Babbar Kasuwa, ko tsakanin dogayen benaye, saƙon yakan raunana ko ya yi ta karo da gine-gine kafin ya iso. A nan sai waya ta koma dogaro da na'urorin Wi-Fi da ke kusa, ko da turakun sadarwa na kamfanonin waya. Idan turken sadarwa kaɗai ta samu, kuskuren yana iya kai ɗaruruwan mitoci, wani lokaci ma fiye da kilomita. Shi ya sa za ka ga wani da'ira mai launin shuɗi ta kewaye ɗigon. Ma'anarta ita ce mutumin yana wani wuri cikin wannan da'ira, wayar ba ta da tabbacin ainihin gurbin.

To, ku dubi yadda unguwarmu take. A New Bell gida na jingine da gida, lungu na shiga cikin lungu. Kuskuren mita 50 kawai ya isa ya ɗauke mace daga tsakar gidanta ya ajiye ta, a kan taswira, cikin gidan wani. Ya isa ya ɗauke yaro daga makarantar allo ya kai shi ƙofar mashaya. Wanda bai san wannan ba yana iya rushe aurensa a kan abin da bai faru ba.

Bayan haka, sanin wuri daban, aikawa da shi daban. Ko da wayar ta san inda take, sai manhajar ta samu intanet kafin ta aika wa mai kallo. In mega ta ƙare, ko rezo ya ɗauke kamar yadda yake yi a wurare da dama a hanyoyin arewa, ɗigo zai tsaya, alhali mota tana ta gudu.

ME YA SA WAYA KE KWANTAR DA MANHAJA?

Lokacin da ka buɗe manhaja kana kallonta, wayar tana ba ta duk abin da take buƙata. Da zarar ka kashe fuskar wayar ka sa ta aljihu, manhajar ta koma bayan fage, kuma a nan ne rigimar take. Sauraron taurari da aika saƙo kowane lokaci suna cin batir ƙwarai. Saboda haka masu ƙera tsarin Android, wanda ke cikin yawancin wayoyin da ke hannunmu, suka yi ta ɗaure manhajoji shekara bayan shekara.

A 2015 suka kawo wani tsari mai sa waya gyangyaɗi idan an ajiye ta ba a taɓa ba, sai ta riƙa farkawa jefi-jefi. A 2017 suka ƙayyade cewa manhajar da ke bayan fage ba za ta samu labarin wuri ba sai sau kaɗan a cikin awa guda. A 2019 aka ba mai waya zaɓi ya ce manhaja ta san inda yake a lokacin da yake amfani da ita kawai. A 2020 aka ƙara tsanantawa, ta yadda izinin bin sawu a kowane lokaci sai mutum ya shiga saitin waya da kansa ya bayar. A 2021 kuma aka ƙaro damar ba manhaja kintacen yanki maimakon ainihin gurbi. Kamfanin Apple ma ya bi irin wannan hanya a wayoyinsa. Hatta mai rubuta manhaja, in ya bi hanyar da aka saba ta tsara aiki mai maimaituwa, ba a yarda ya sa tazarar ta gaza minti 15 ba, kuma ko wannan ɗin waya na iya jinkirta shi. Manhajar da take son ta ci gaba da aiki ba yankewa dole ta kafa alama a saman fuskar waya, yadda mai wayar zai riƙa gani cewa ana ɗaukar wurinsa.

Ban da wannan, kamfanonin da ke ƙera wayoyin da yawa suna ƙara nasu mai gadin batir, wanda ke rufe manhajoji da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. A garin da ake ɗauke wuta kamar namu, wannan abu ne mai amfani, domin shi ke sa caji ya kai mutum dare. Amma shi ne kuma ya tsayar da ɗigon yaron nan a Deido. Ke nan tsayawar ɗigo ba hujja ba ce a kan kowa. Sau da yawa alama ce kawai ta waya mai ƙoƙarin tsimin wutarta.

INDA ABIN KE DA AMFANI

Kada wani ya fahimci cewa ina hana amfani da wannan fasaha. Duk wanda ya shaida ranar 21 ga Oktoba 2016, ranar da jirgin ƙasa mai zuwa Duwala daga Yawunde ya yi haɗari a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, ya san zafin jiran labarin matafiyi. Muna da direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Njamena da Bangi, suna kwanaki a hanya. Muna da 'yan kasuwar shanu masu bi ta yankunan da ake fama da masu garkuwa da mutane. Muna da tsofaffin da mantuwa ta fara kamawa, da alhazai masu ɓacewa cikin cunkoson Mina, da 'yan mata masu dawowa daga lise da magariba a kan bensikin. A unguwar da lunguna ba su da suna, gidaje ba su da lamba, aika wa baƙo ɗigon ƙofar gida ya fi kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai kilishi" sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda yake da irin wannan buƙata, kuma ɓangarorin biyu sun yarda, ga abin da ya kamata ya kula da shi domin ɗigon ya riƙa tafiya. Da farko, a shiga saitin waya, wato Paramètres, a nemi Localisation, a zaɓi manhajar, a ba ta izinin Toujours autoriser. Na biyu, a shiga sashen Batterie a cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaita wa wuta, idan kuma wayar tana da wurin ba da izinin tashi da kai, a kunna mata. Na uku, kada a share alamar da ta kafa a saman fuskar waya, kada kuma a goge ta daga jerin manhajojin da ke buɗe. Na huɗu, a tabbatar akwai mega da za ta kai ƙarshen tafiya, kuma matafiyi ya riƙe batirin ajiya. Idan manhajar tana ba da zaɓin tazara, aiko da wuri kowane minti 10 ko 15 ya wadatar ga mai doguwar tafiya, kuma ya fi tausaya wa batir. Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci, mai kallo ya riƙa karanta lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin ɗigon kafin ya ce uffan.

Ga yawancinmu ma ba a buƙatar wata manhaja ta musamman. WhatsApp da ke wayar kowa, tun 2017 yana da hanyar nuna wuri kai tsaye, kuma mutum yana zaɓar minti 15, ko awa 1, ko awa 8, bayan nan ya tsaya da kansa. Ni wannan na fi so, saboda mai tafiyar ne yake kunnawa da hannunsa, ya san wa ya ba, ya kuma san lokacin da zai ƙare. Ga yara ƙanana kuwa, kamfanin Google yana da Family Link, wanda aka yi domin iyaye, kuma yaron yana ganin cewa wayarsa tana ƙarƙashin kulawa.

Akwai gargaɗi guda. Idan aka fizge maka waya, kuma taswira ta nuna maka inda take, kada ka tara matasa ku nufi gidan. Ka tuna da kuskuren mita 50. Ka kai maganar ofishin 'yan sanda tare da lambar jikin wayar, wadda ake gani in an danna *#06#. Yana da kyau kowa ya rubuta tasa ya adana tun kafin ranar buƙata.

WANE NE KUMA YAKE KALLO?

Yanzu mu juya ga ɓangaren da mutane ba su cika tunawa da shi ba. Idan ka ba manhaja izinin sanin inda ɗanka yake dare da rana, ba kai kaɗai ne labarin ke isa gare shi ba. Yana bi ta rumbun kamfanin da ya yi manhajar, kuma manhajojin kyauta da yawa da wannan labari suke cin abinci, suna sayar da shi ga dillalai.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2020 wani ɗan jarida mai suna Joseph Cox ya wallafa bincike a kafar Motherboard ta Amurka, inda ya nuna cewa manhajar Muslim Pro, wadda ke faɗin lokutan salla da alƙibla, kuma a lokacin an sauke ta fiye da sau miliyan 98, tana aika bayanan wuraren masu amfani da ita ga wani dillali mai suna X-Mode. Cikin masu sayen bayanai a hannun wannan dillali akwai 'yan kwangilar da ke aiki da rundunar sojan Amurka. Kamfanin Muslim Pro ya musanta cewa ya sayar wa sojoji bayanan jama'a, ya kuma sanar da yanke hulɗa da dillalin. Wata guda bayan haka Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayan X-Mode. A watan Janairu na 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta wa wannan dillali sayar da bayanan wurare masu haɗari ga sirrin mutum, ciki har da wuraren ibada.

Dillalan sukan ce ai babu sunan kowa a cikin bayanan. Amma a 2013 wasu masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Luben ta Beljiyam sun duba bayanan wayar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, suka gano cewa wurare 4 kacal tare da lokutansu sun isa a ware mutum 95 cikin 100 daga sauran jama'a. Ku auna da kanku. Wayar da ke kwana a gida kaza, ta je masallaci kaza da asuba, ta wuni a shago kaza a Kasuwar Kwango, ta biya ta makarantar Islamiyya kaza da yamma, ai ko ba a rubuta suna ba, duk ɗan unguwa zai faɗa maka mai ita.

Abin lura shi ne, manhajar salla ba ta da wata buƙata ta bin sawunka. Lokutan salla suna canzawa da kusan minti 4 a kowane digiri guda na gabas ko yamma, kuma a yankinmu digiri guda ya kai kusan kilomita 111. Ke nan tsakanin New Bell da Bonaberi bambancin bai kai minti guda ba. Alƙibla kuma daga Duwala tana arewa maso gabas, ba ta sauyawa don ka tashi daga Akwa ka koma Ndokoti. Ka rubuta mata sunan gari da hannunka, ka hana ta izinin wuri, aikinta zai tafi daidai. Haka manhajar tocila, da ta wasan yara, da ta gyaran hoto: babu abin da ya haɗa su da sanin inda ka kwana.

TSAKANIN KULAWA DA LEƘEN ASIRI

Tun lokacin da Jamusawa suka ware New Bell, kafin yaƙin duniya na farko, har ta zama masaukin baƙi daga kowace kusurwa, kakanninmu suna da nasu tsarin sanin inda mutum yake. Baƙo yana da mai masauki. Yaro in ya wuce iyaka, duk dattijon da ya gan shi yana da ikon tsawata masa. Mai fita yana sallamar gida, ya faɗi inda za shi. Wannan tsari a fili ake yin sa, kuma mai kallon naka mutum ne da ya san ka, yana iya yi maka uzuri. Ɗigon taswira kuwa bai san uzuri ba. Ba zai gaya maka cewa an yi ruwa hanya ta cika ba, ko cewa cunkoso ya tsare gada, ko cewa yarinyar ta tsaya ne don ta raka ƙawarta asibiti.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat an haɗa hani uku wuri guda: yawan zato, da binciken asirin mutane, da giba. Malamai sun daɗe suna nuna cewa jerin yana da hikima, domin zato ne ke haifar da bincike, bincike kuma ya haifi yi da mutum. A Suratun Nur an koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, har ma a cikin gida guda an ware lokutan da yara za su nemi izini. Wanda ya ɗauki wayar matarsa tana barci ya dasa mata manhajar leƙe, ko matar da ta yi wa mijinta haka, ya shiga ɗakin da ba a ba shi izini ba, ko da kuwa ƙafarsa ba ta taka ko'ina ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010, wadda ta shafi laifuffukan intanet, ta tanadi ɗauri da tara ga mai ɗauka ko aika bayanan sirrin wani ba da yardarsa ba. Sannan a ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a doka mai lamba 2024/017 kan kare bayanan mutane, wadda ta ɗora muhimmanci a kan yardar mai bayanin. Maigidan da ke son bin sawun direbansa ko yaron shagonsa ya kamata ya san cewa wannan ba abin da ake yi a ɓoye ba ne.

Yaro ƙarami amana ne a hannun iyayensa, kuma suna da haƙƙin sanin inda yake. Amma ko shi a gaya masa, a kuma faɗa masa dalili. Yayin da yake girma, a riƙa sassauta igiyar. Matashin da aka tsare da taswira kawai, abin da zai koya shi ne dabarar barin waya a gidan aboki ya tafi inda ya ga dama. Ɗigo yana zaune lafiya a makaranta, mai ɗigon yana can wani wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake yi, da zama da hira da sanin abokansa. Babu manhajar da za ta ɗauke wa uba wannan aiki.

ABIN DA ZA MU YI A WANNAN MAKO

Ina roƙon kowane maigida ya ware rabin awa bayan Magariba ko Isha'i, ya tara iyalinsa da wayoyinsu. A shiga Localisation a duba jerin manhajojin da ke da izinin Toujours autoriser. Duk wadda ba a san dalilinta ba, a sauke ta zuwa lokacin amfani kawai, ko a hana ta gaba ɗaya. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya sa ɗansa ya karanta masa, ba abin kunya ba ne. Idan akwai wanda ake bin sawunsa a gidan, a faɗa masa a gaban kowa, a yi yarjejeniya a kan lokaci da dalili: ranar tafiya, ko dawowar dare, ko aiken kaya mai tsada. Idan buƙatar ta wuce, a kashe. Kuma a kafa ƙa'ida guda wadda ba za a karya ba, cewa in ɗigo ya saɓa da maganar mutum, za a kira, a tambaya, a bincika, kafin a yanke hukunci.

Alhajin da na ba ku labarinsa ya cire manhajar daga wayar ɗan ƙanwarsa. Yanzu in zai aike shi nesa, yaron ne da kansa ke aiko masa da wurinsa na awa guda, in ya isa kuma ya kira. Na tambaye shi kwanan baya ko hankalinsa yana kwanciya da hakan, ya ce mini ya fi samun barci yanzu.

Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya miƙa takardarsa ga masu kula da wannan mujalla, za ta iso gare ni in Allah Ya so. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a inda muke gani da inda ba mu gani, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya kare zukatanmu daga mugun zato. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.